Yadda Ake Ƙaura Zuwa Landan Domin a Zauna a Ɗaki

Aiki daga gida tsari ne da ma'aikaci yake sauke nauyin kamfaninsa ta kwamfuta da intanet, ba tare da ƙafarsa ta taka ofis ba. Ana iya yin sa daga Funtuwa, ana iya yin sa daga Maraɗi, ana iya yin sa a gindin darbejiya matuƙar akwai caji da sabis. Saboda haka wanda yake son ya yi shi bisa ƙa'ida sai ya nemi birni mafi tsada da zai iya kaiwa, ya tattara ya koma can, ya kama ɗaki, ya turo ƙofa. Landan, babban birnin Birtaniya mai mutane kusan miliyan 9, ta cika dukkan sharuɗɗan. Ka gyara zama. Za mu bi matakan ɗaya bayan ɗaya, idan wani ya shige maka duhu ka sake karanta shi a tsanake, babu mai korar ka.

Mataki na farko: neman izinin zama a gida

Ka fara sanin cewa Birtaniya ba ta ware wa mai aiki daga nesa biza ta musamman ba. Estoniya ta buɗe irin wannan ƙofa a 2020, Fotugal a 2022, Sifaniya a 2023, ita kuwa Birtaniya ba ta bi sahu ba. Hanyar da baƙo zai bi ita ce bizar ƙwararren ma'aikaci, wadda sai wani kamfani mai lasisi ya tsaya maka, ya shaida wa hukuma cewa yana buƙatar ka a cikin ƙasar. A watan Afrilun 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashin da ake nema daga fam 26,200 zuwa fam 38,700 a shekara, aka sake ɗaga shi a 2025. Ban da kuɗin bizar, akwai kuɗin kula da lafiya, fam 1,035 kan kowace shekara, wanda za ka biya a dunƙule tun kana gida lafiyarka ƙalau.

Idan takardu suka kammala sai ka hau jirgi daga Abuja, ka yi sa'o'i shida da wani abu a sama, ka sauka a Heathrow. Bayan kwana biyu kamfanin zai aiko maka da kwamfuta a cikin kwali, tare da wasiƙar maraba. Ka tsaya a nan ka lura da kyau. Kwalin nan zai iya hawa jirgi ya same ka a Kano, kuɗin motarsa bai kai naka ba, ba ya neman biza, ba ya kuma jin sanyi. Amma da aka auna, sai aka ga ya fi dacewa a kawo ka wurin kwalin. Wannan yana nuna maka irin kulawar da kamfanin yake yi wa kayansa.

Mataki na biyu: kama ɗaki kusa da ofis

Ɗakin da za ka kama shi ne ofishinka, shi ne makwancinka, shi ne wurin cin abinci da wurin salla da wurin shanya, don haka a zaɓe shi da natsuwa. Matsakaicin kuɗin hayar gida a Landan ya haura fam 2,000 a wata, ɗaki guda a gidan haɗaka kuwa yana kai-kawo a wajen fam 1,000. Hukumar sufuri ta kasa birnin shiyya-shiyya, shiyya ta 1 a tsakiya, sauran suna kewaye da ita zobe bayan zobe, kuma haya tana ƙaruwa gwargwadon kusancinka da tsakiya da kuma tashar jirgin ƙasa. Dillali zai gaya maka cewa daga ƙofar gidan zuwa tasha minti huɗu ne, daga tasha zuwa dogayen ofisoshin Canary Wharf minti ashirin. Ka biya ƙarin kuɗin ba tare da ciniki ba. Wajibi ne ofishin da ba za ka je ba ya kasance kusa da kai, domin ƙin zuwa wuri mai nisa kowa ma yana iyawa.

Kada girman ɗakin ya dame ka, doka ta riga ta yi magana. Tun watan Oktoban 2018, a gidan haɗaka mai lasisi, ɗakin kwanan baligi ɗaya ba zai gaza murabba'in mita 6.51 ba, wato kimanin filin da mai shayi yake buƙata ya kafa tebur da benci biyu. Duk gefen da tsayin rufinsa bai kai mita 1.5 ba, ba a lissafa shi. Wannan gefen kyauta ne mai gida ya ba ka, a can za ka ajiye akwati da duk wani tunani da ba ya buƙatar miƙewa tsaye.

Za a karɓi kuɗin ajiya, wanda dokar 2019 ta hana ya wuce hayar mako biyar. Dillalai da yawa za su nemi shaidar cewa albashinka na shekara ya ninka hayar wata sau 30. Bayan nan mutanen gidan za su zauna da kai a kicin su yi maka tambayoyi, kuma babbar tambayar ita ce ko kana aiki daga gida. Sun fi son wanda yake fita tun asuba ya dawo da dare, saboda su ma daga gida suke aiki, teburin kicin kuma ya riga ya sami mai shi.

Mataki na uku: biyan kuɗin birnin

Birnin da kake zaune a cikinsa yana da kuɗin kansa, ko ka leƙa waje ko ba ka leƙa ba. Na farko shi ne harajin ƙaramar hukuma. Ana sa kowane gida a rukuni daga A zuwa H bisa darajarsa a ranar 1 ga Afrilun 1991. Idan gidanka a 2020 aka gina shi, masana za su ƙiyasta abin da zai yi daraja a 1991 da a ce yana nan a lokacin. Wanda yake zaune shi kaɗai ana rage masa kashi 25 cikin 100, ka ga kenan kaɗaici yana da farashi a rubuce.

Na biyu shi ne lasisin kallon talabijin, wanda ya kama fam 174.50 a shekarar 2025. Yana hawa kanka idan kana kallon shiri kai tsaye, ko da a wayar hannu ne. Lasisin talabijin mai hoto baƙi da fari kuwa fam 58.50 kawai ya kama a shekarar, sai dai nemo irin wannan talabijin ɗin ya rage naka.

Na uku shi ne wuta da ɗumama ɗaki. A da, kamfani ne yake biyan hita da fitila da ruwan zafi da ganyen shayi na sa'o'in aiki. Yanzu an ɗora maka wannan amana. Hukumar haraji ta duba lamarin da idon rahama, inda a 2020 ta ƙayyade fam 6 a mako a matsayin ɗawainiyar wanda aka wajabta wa aiki daga gida. Ka fahimci lissafin da kyau, kada ka je kana jiran fam 6. Harajin da ke kan fam 6 ɗin aka yafe a lokacin, wanda ga mai biyan kashi 20 cikin 100 ya kama fam 1 da kwabo 20. Wanda ya yi tattali ya tara na mako uku, ya kusa samun kofi ɗaya na gahawa.

Mataki na huɗu: kafa ofis da shirya jiki

Akwai dokar 1992 da ta ɗora wa kamfani alhakin tabbatar da cewa wurin zaman mai aiki da kwamfuta ba zai cutar da shi ba, kuma ta shafi na gida. Za a turo maka fom. Fom ɗin yana so saman allon kwamfuta ya yi daidai da idonka, nisansa ya kai tsawon hannu, tafin ƙafarka ya zauna daram a ƙasa. Ana cika sharaɗi na farko ta hanyar kifa tukunya a ɗora kwamfutar a kanta. Idan babu tebur, teburin guga yana da fa'idar da teburan ofis masu tsada suke taƙama da ita, wato ana ɗaga shi ana sauke shi. Ka cike fom ɗin ka ce komai ya yi daidai. Wanda zai karanta shi ma a bakin gado yake zaune.

Sai batun sutura. Kyamarar kwamfuta tana ɗaukar mutum daga ƙirji zuwa sama, don haka jikinka ya kasu gida biyu ta fuskar mulki. Daga ƙirji zuwa sama na kamfani ne, daga tara na safe zuwa biyar da rabi na yamma. A nan ake sa riga mai kwala, a goge gabanta da kafaɗu, bayanta kuwa babu wanda ya taɓa tambaya. Daga ƙirji zuwa ƙasa naka ne halak malak, kana iya barin sa cikin wandon barci da safa biyu da bargo. Doka ɗaya ce take riƙe da wannan yarjejeniya: ba a miƙewa tsaye kyamara tana kunne. Ko ƙararrawar gobara ce ta kaɗa, ka kashe kyamara tukuna, sannan ka gudu.

Bayanka ma yana buƙatar gyara. Tunda babu tsakar gida, a cikin ɗaki ake shanya, kuma abin shanyar yakan tsaya daidai inda kyamara take kallo. Manhajar taro ta tanadi maganin wannan. Za ka zaɓi hoton wani faffaɗan ofis mai tagogi da kantar littattafai ya rufe bayanka. Abokan aikinka ma hoton nan suka zaɓa. Ta haka dukkanku za ku bayyana a ofis ɗaya, wanda babu shi, kowa a gaban shanyarsa.

Tafiya wurin aiki tana farawa da ƙarfe tara saura minti biyu. Ka sauko da ƙafafu, ka juya hagu, ka iso.

Mataki na biyar: taro

Taro shi ne ginshiƙin aikin, kuma yana da tsari da ba a saɓawa. Ana buɗe shi da bayanin yanayi. Mutum na farko zai sanar cewa ana ruwa a unguwarsu. Na biyu, wanda yake mil uku daga wurin, zai tabbatar cewa su ma ana yi. Idan aka zo kanka, ka waiwaya wajen taga, ka dawo da fuska, ka ba da rahoton abin da ka gani. Ba a son ƙarin bayani, ba a kuma son saɓani.

Daga nan shugaban taro zai fara jawabi. Za ka ga bakinsa yana motsi, hannuwansa suna nuni, girarsa tana hawa tana sauka, babu sauti ko kaɗan. Kada ka yi gaggawa. Al'ada ita ce a bar shi ya yi nisa, sannan mutum huɗu su gaya masa a lokaci guda cewa makirfonsa a kashe yake. Zai nemi afuwa, ya kunna, ya tambaya ko ana jin sa, sai kowa ya gyaɗa kai, domin su ma nasu a kashe yake. Wani zai nuna takarda a allo ya tambaya ko ana ganin ta. Wata za ta daskare baki buɗe na tsawon rabin minti, a ci gaba da magana a gabanta cikin ladabi. Mage za ta ratsa gaban wani, a dakatar da komai a tambayi sunanta. Saura minti uku a tashi sai a gano cewa maganar da aka taru dominta tana buƙatar zama na musamman, a sa ranar wani taron. Wannan shi ne sakamakon taron, kuma za a turo maka shi a rubuce.

Tsakanin taro da taro, aikinka shi ne ka nuna kana raye. A manhajar Teams akwai ɗan ɗigo kusa da hotonka. Idan kore ne kana aiki. Idan ka bar linzamin kwamfuta na 'yan mintuna sai ya koma rawaya, ma'ana ka yi ɓatan dabo. Dogon tunani, karanta takarda a hannu, da zana lissafi a littafi duk ba sa motsa linzami, saboda haka ba sa cikin aiki. Ana sayar da wata 'yar na'ura da take girgiza linzamin da kanta domin ɗigon ya zauna kore. Ka yi hattara da ita, don a 2024 wani babban banki a Amurka ya sallami ma'aikata fiye da goma kan kwaikwayon motsin aiki. Hanya mafi aminci ita ce ka riƙa girgiza linzamin da hannunka, wanda halal ne.

Mataki na shida: hulɗa da rana

A tsakiyar Disamba rana tana fitowa a Landan wajen ƙarfe takwas na safe, ta faɗi kafin huɗu na yamma. Yinin bai cika sa'o'i takwas ba, kuma kusan dukkansa ya faɗa a cikin lokacin aikinka, don haka babu abin da zai haɗa ku. Azahar da La'asar da Magariba za su zo a jere cikin kimanin sa'o'i huɗu, sai ka tsara alwala ɗaya mai ƙarko. A watan Yuni lamarin yana juyewa, yini ya haura sa'o'i goma sha shida da rabi, ka yi Isha'i ka ɗan kishingiɗa ka ji Asuba ta yi sallama.

Hukumar lafiya ta ƙasar tana ba da shawarar shan maikirogiram 10 na bitamin D kowace rana a kaka da hunturu, masu baƙar fata kuma su duba yiwuwar sha duk shekara. Wato ranar da ka baro kyauta a gida, har kana neman inuwa saboda ita, a nan ana sayar da ita a kwalba, ƙwaya-ƙwaya. Akwai kuma fitila ta musamman da take kwaikwayon hasken safiya. Ka ajiye ta a gefen tukunya, ka kunna ta minti talatin, ka kashe kafin kuɗin wuta ya lura.

Agogo ma yana motsi. A Lahadin ƙarshe ta Maris ana tura shi gaba da sa'a ɗaya, a Lahadin ƙarshe ta Oktoba a dawo da shi. Sakamakon haka, da bazara ƙarfe tara a Landan ita ce ƙarfe tara a Kano da Yamai, da hunturu kuma Landan tana bin su a baya da sa'a ɗaya. Ka riƙe wannan bayani a zuciyarka. Yana nufin wata bakwai a shekara da a ce daga Kano kake shiga taron, ko agogo ba zai tona ka ba. Bayanin ba shi da wani amfani a aikace, an kawo shi ne don cikar darasi.

Mataki na bakwai: maƙwabta

Ba a gaida maƙwabci a Landan sai da dalili. Idan kuka haɗu a matakala, ka matse leɓɓa, ka ɗaga gira kaɗan, ka wuce. Tambayar iyali da gajiya da kwanan gida tana iya sa ya ɗauka wani abu ya faru. Mutanen da kuke gida ɗaya kuwa ana magana da su ta WhatsApp, ko da bango ɗaya ne tsakaninku. A can ake sanar da cewa wani ya bar cokali a wurin wanke-wanke, tare da hoton cokalin. A cikin firji kowa yana da nasa hawa, madara huɗu iri ɗaya suna tsaye gefe da gefe, kowace da sunan mai ita.

Duk da haka za ka yi suna a layinku. Masu kawo saƙo za su gano cewa akwai mutum ɗaya da ba ya fita, daga nan duk kwalin da ba a sami mai shi ba a ƙofarka za a sauke. Da yamma mai kayan zai ƙwanƙwasa, ya faɗi lambar gidansa, ka miƙa masa, ya yi godiya yana ja da baya. Ka san nauyin takalminsa da kamfanin da yake sayen abincin karensa, shi kuma ya san ka da lamba goma sha huɗu. Wannan ita ce zumunta, kuma tana ƙaruwa gab da Kirsimeti.

Idan ka ji shirun ya yi yawa, kada ka ɗauka an manta da kai. A watan Janairun 2018 Firaminista Theresa May ta naɗa Tracey Crouch ministar da za ta kula da matsalar kaɗaici. Lamarinka yana da ofis a gwamnati, ana kuma iya samun bayaninsa ta intanet ba tare da an yi magana da kowa ba.

Mataki na takwas: yi wa na gida bayani

Ranar Lahadi za ka kira gida ta bidiyo. Bayan gaisuwa Kawu zai karɓi wayar, ya kawo ta dab da hancinsa.

"To ɗana, ya wurin aikin? Da nisa daga gidan naka?"

"Babu nisa, Kawu. Ga shi nan ma a bayana."

"Wannan ai gado nake gani."

"Gefen gadon, Kawu, inda tukunyar take."

"To shi mai gidan naku na wurin aiki, kun saba?"

"Mun saba ƙwarai. Ban dai taɓa ganin ƙafafunsa ba."

A nan Kawu zai yi shiru, ya ce Allah ya taimaka, ya miƙa wa Inna. Ita ba za ta tambayi aiki ba, za ta ce ka matso da fuska ta gani ko kana cin abinci. Kada ka yi ƙoƙarin faɗaɗa bayani. Ka turo hoton da ka ɗauka a gaban agogon Big Ben makon da ka iso. Hoton nan zai yi maka hidima shekara biyu, in dai ba ka canza jaket ba.

Mataki na tara: fita daga gida domin aiki daga gida

Bayan wata shida bango zai fara matsowa. Masana wannan fanni sun tanadi magani hawa uku. Hawa na farko shi ne tafiyar ƙarya: ka yi wanka, ka sa takalmi, ka fita da ƙarfe takwas da rabi, ka zaga layinku, ka dawo ƙofar da ka fito, ka shiga da niyyar wanda ya iso ofis. Da yamma ka sake zagawa ta ɗaya hannun domin ka koma gida.

Hawa na biyu shi ne shagon gahawa. Ka sayi kofi ɗaya a kan fam uku da wani abu, ka nemi kujera kusa da soket. Kofin nan hayar tebur ce, saboda haka ba a shanye shi. Ana barin kurɓi biyu a ƙasa har zuwa Azahar, domin kofi mai saura yana nuna cewa ciniki bai ƙare ba.

Hawa na uku shi ne zauren aiki na haya. Wannan gini ne mai tebura da kujeru da injin buga takardu da wurin dafa shayi, inda za ka biya wasu ɗaruruwan fam a wata a ba ka tebur a tsakanin mutanen da ba ka sani ba. Ana zuwa da safe a jirgin ƙasa, a tashi da yamma. Idan ka duba da kyau za ka ga ya yi kama da wani abu da ka taɓa sani. Bambancin shi ne wancan kamfani ne yake biya, wannan kuwa kai ne, abin da ya sa ake kiran sa 'yanci.

Game da shi kansa birnin, yana nan inda yake. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana gudu tun 1863. Layin jirgin Elizabeth, wanda ya ci kusan fam biliyan 19, an buɗe shi a watan Mayun 2022. Shiga babban gidan tarihin Birtaniya kyauta ne, kogin Thames ma ba a biyan kuɗin kallon sa. Duk waɗannan za ka gan su idan baƙo ya zo daga gida. Cikin kwana huɗu zai zaga abin da ba ka zaga a shekara ba, kana biye da shi kana duba taswira a waya a ɓoye. Idan ya ce ka more da kake zaune a nan, ka ce ai mu mun saba.

Mataki na goma: komawa ofis

Tsarin aiki daga gida ya bazu ne daga ranar 23 ga Maris 2020, lokacin da Firaminista Boris Johnson ya umarci jama'a su zauna a gida saboda korona. Tun daga nan ake neman hanyar fito da su. A watan Afrilun 2022 wani minista, Jacob Rees-Mogg, ya zaga ofisoshin gwamnati yana ajiye 'yan takardu a kan teburan da babu kowa, yana nuna takaicin rashin samun masu su. A 2024 Magajin Garin Landan, Sadiq Khan, ya gwada cire ƙarin kuɗin jirgi na lokacin cunkoso a ranakun Juma'a, daga Maris zuwa Mayu, ko mutane za su fito. A shekarar dai, daga 6 ga Afrilu, doka ta ba ma'aikaci damar neman sassaucin tsarin aiki tun ranar da ya fara, sau biyu a shekara. Shi kuma kamfani yana da dalilai takwas a doka da zai iya ƙi da su. Ka ga an yi adalci, kai biyu, shi takwas.

Wata rana saƙo zai iso cewa ana son kowa ya riƙa zuwa ofis kwana biyu ko uku a mako domin ƙarfafa zumunci. Yawanci Talata da Laraba da Alhamis ake zaɓa. Sai dai kamfanin ya riga ya rage hawa biyu na gininsa tun da kuka daina zuwa, tebura ba su kai yawan mutane ba, don haka ana kama tebur ta manhaja tun mako guda kafin ranar. Ka kama. Ka fito a lokacin cunkoso, tsakanin shida da rabi da tara da rabi na safe, lokacin da kuɗin jirgi ya fi tsada. Yanzu ne minti huɗun nan da minti ashirin da ka daɗe kana biya za su yi amfani, in ka sami wurin tsayawa.

Da ka isa za ka tarar cewa 'yan sashenku sun zaɓi wata ranar daban. Babu laifi. Ka zauna a teburin da ka kama, tsakanin wani daga sashen kuɗi da wata daga sashen shari'a, ka ciro kwamfutar da ka ɗauko daga gida, ka sa iyafis, ka shiga taro. Idan hayaniyar masu taro a gefenka ta yi yawa, akwai wasu ƙananan akwatunan gilashi da aka jera a lungu, masu kujera ɗaya da ƙofa, inda mutum yake shiga ya kaɗaita. Ka shiga ɗaya ka rufe. Shugaban da ya aiko da umarnin dawowa zai bayyana a allo daga gidansa na ƙauye, da kantar littattafai ta gaske a bayansa, ya ce ransa ya yi fari da ganin ofis ya cika. Ka gyaɗa kai, ka ba da rahoton ruwan sama na unguwar ofis, ka girgiza linzami. Duk ƙa'idojin da ka koya suna aiki a nan ba tare da canji ba, sai guda ɗaya daga mataki na huɗu: a ranakun ofis mulkin kamfani yana sauka har idon sawu, saboda haka ka duba wandonka tun kafin ka bar gida.